Keken wibin: Abin da mai koyo ya kamata ya sani kafin ya ɗora yadin mutane

Duk wanda ya saba kai ɗinki ya san cewa ba a gaban riga kaɗai ake gane aikin tela ba. Idan aka juya ta baibai aka duba bakin yadin da ke ciki, nan ake sanin ko an gama aiki ko an bar shi rabi. Rigar da aka bar bakinta haka nan, wanki biyu ko uku ya isa zare ya fara zarewa, har wata rana ɗinkin ya buɗe a hammata ko a gindin aljihu. Wadda kuwa aka bi bakinta da saƙar zare mai kama da sarƙa, takan tsufa ɗinkinta na nan daram. Wannan saƙa ita teloli ke kira wibin, na'urar da ke yin ta kuma keken wibin, wanda a wasu ƙasashe ake kira obalok.

A yau masu kai ɗinki sun waye, kuma da yawansu ba sa karɓar kayan da ba a yi wa wibin ba. Telan da ba shi da keken yakan kwashi kaya zuwa shagon maƙwabci, ya biya kuɗi a kan kowace riga, wani lokaci ma ya bi layi. Wannan ya sa keken ya shiga jerin kayan da ma'aikaci mai shirin ritaya, ko ɗan kasuwa mai son buɗe wa iyalinsa sana'a a gida, ke tunanin saye. Sai dai ba kasafai ake gaya wa mai saye cewa iya keken ɗinki daban, iya keken wibin daban ba. Akwai kekunan da ke lulluɓe a kusurwar ɗaki tun ranar da zare ɗaya ya tsinke aka rasa mai mayar da shi. Akwai kuma waɗanda aka hau da gaggawa, wuƙarsu ta ci shaddar mutane, aka koma biyan diyya da ba da haƙuri.

Wahalar wannan keke a abu uku take: zura zare, daidaita ƙarfin zaren, da sanin halin wuƙa. Dukkansu ana iya koyonsu a kan ƙyallayen da ake sharewa a shago, muddin aka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Inda ya bambanta da keken ɗinki

Keken ɗinki na yau da kullum zare biyu yake aiki da shi: ɗaya daga sama ta cikin allura, ɗaya daga ƙasa a kwarkwaron da ke cikin ƙoshiya. Keken wibin ba shi da ƙoshiya, ba shi da kwarkwaro. A madadinsu akwai ƙugiyoyi biyu na ƙarfe, waɗanda masu gyaran keke ke kira lufa, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa. Ƙugiyar sama tana shimfiɗa zarenta a saman yadi, ta ƙasa tana shimfiɗa nata a ƙarƙashi, su biyun su sarƙe a daidai bakin yadin, allura kuma ta soke su ta riƙe. Da yake zaren yana zuwa ne kai tsaye daga manyan naɗi da ke bayan keken, babu tsayawa a naɗa zaren ƙasa kamar yadda aka saba.

Bambanci na biyu shi ne wuƙa. A gaban allura akwai wuƙaƙe biyu, ɗaya a kafe, ɗaya tana hawa da sauka, suna aiki kamar almakashi. Suna yanke bakin yadin kafin ya isa wurin allura, don saƙar ta hau kan baki mai tsabta. Ke nan keken na yin aiki uku a lokaci guda: yanka, ɗinki da naɗe baki.

Na uku shi ne gudu. Ƙaramin keken wibin na gida yakan yi suka wajen 1,300 a minti ɗaya, na masana'anta kuwa yakan kai 6,000 ko fiye. Suka 6,000 a minti na nufin 100 a daƙiƙa ɗaya. Idan tazarar ɗinkin milimita 3 ce, to a daƙiƙa guda keken ya cinye yadi mai tsawon santimita 30, wato kusan inci 12. Wanda ya waiwaya don amsa sallama ƙafarsa na kan feda zai iya juyowa ya tarar da an yanke masa rabin hannun riga.

Asalin na'urar daga Amurka ne. Kamfanin Merrow, wanda ya faro daga masaƙar kayan sanyi a Jihar Konetikat, shi ya ƙirƙiro irin wannan ɗinki a ƙarshen ƙarni na 19, don rufe bakin kayan saƙa da ke saurin warwarewa. Na'urar ta daɗe a masana'antu kaɗai, sai a shekarun 1960 injiniyoyi a Japan suka ƙera ƙarama da za a iya ɗorawa a kan teburin gida, wadda ta yi suna da Baby Lock.

Zare uku, huɗu ko biyar

Tambayar farko ga mai saye ita ce aikin da zai riƙa yi, domin shi ke nuna yawan zaren da yake buƙata.

Mai zare uku yana da allura ɗaya da ƙugiya biyu. Aikinsa rufe bakin yadi bayan an haɗa kaya da keken ɗinki. Ga mai ɗinka kaftani, jamfa, atamfa da kayan makaranta, wannan ya wadatar, kuma shi ne ya fi yawa a ƙananan shaguna. Amma ba a dogara da shi kaɗai wajen haɗa shadda ko yadin maza, domin ɗinkinsa ba ya jure ja.

Mai zare huɗu yana da allura biyu. Layin allura ta biyu yana ƙara wa ɗinkin ƙarfi, don haka yana iya haɗa kaya ya rufe bakinsu a tafiya ɗaya. Shi ya fi dacewa da yadin roba irin na hijabi, singileti, rigunan wasanni da kayan jarirai, saboda ɗinkinsa na miƙewa tare da yadin, ba ya tsinkewa kamar na keken ɗinki. Idan aka cire allura ɗaya kuma sai ya koma mai zare uku, abin da ya sa ya fi amfani ga mai koyon da bai riga ya tsayar da irin aikinsa ba.

Mai zare biyar yana ƙara wani layin ɗinki mai kama da sarƙa a gefen wibin ɗin. Na masu ɗinka wanduna masu kauri da kayan ma'aikata da yawa ne. A wasu samfura lambar keken ma na nuna yawan zarensa: a kekunan Siruba, alal misali, 737 mai uku ne, 747 mai huɗu, 757 mai biyar.

Sai batun moto, wanda ke da muhimmanci ga duk mai aiki da janareta ko sola. Tsohon samfurin moto mai kuloci yana juyawa ne tun daga lokacin da aka kunna shi, ana ɗinki ko ba a yi, yana cin wuta yana ƙara. Sabon samfuri, wanda ake kira sabo ko kuma wanda aka haɗa a jikin keken kai tsaye, ba ya juyawa sai an taka feda, kuma ana iya rage masa gudu. Ga mai koyo, wannan damar rage gudu ta fi kowane ado da ke jikin keke daraja. Kafin a biya kuɗi kuma, ya kamata a tambaya ko ana samun wuƙaƙe, ƙugiyoyi da alluran wannan samfuri a garin, a kuma sa mai sayarwa ya gwada shi a kan yadi mai kauri da marar kauri.

Zura zare

Nan ne yawancin masu koyo ke karaya. Kowane zare yana bi ta ramuka da maƙalai masu yawa kafin ya kai inda za shi, kuma tsallake guda ɗaya ya isa ya hana saƙar haɗuwa. Kamfanoni sun san da haka, shi ya sa suke manna zane a cikin murfin gaba, suna kuma ɗiga wa kowace hanya launinta. Hantsakin da ke zuwa tare da keken ba ado ba ne, da shi ake kai zare lungun da yatsa ba ya shiga.

Kafin a fara, a kashe wuta. Idan moto mai kuloci ne, yakan ci gaba da juyawa na ɗan lokaci bayan an kashe, don haka a tabbatar ya tsaya cak kafin a kai hannu kusa da allura. A ɗaga sandar da ke rataye zare har ƙarshenta, a daidaita ta a saman naɗin zaren. A ɗaga ƙafar da ke danne yadi, domin a yawancin ƙananan kekuna hakan ke buɗe 'yan farantan da ke matse zare. Ko a wane keke ne, a ja zaren da hannu biyu har a ji ya shige tsakanin farantan sosai. Zaren da ya kwanta a bakinsu bai shiga ba, ko an murɗa mamurɗinsa har ƙarshe babu abin da zai sauya.

Tsarin da ya fi yawa shi ne a fara da ƙugiyar sama, sai ta ƙasa, sai allurar dama, sannan ta hagu. Wasu kamfanoni na sauya jerin ƙugiyoyin, don haka zanen jikin keken shi ne abin bi. Abin da ba ya sauyawa shi ne ƙugiyoyi kafin allurai. Idan zaren ƙugiyar ƙasa ya tsinke ana tsakiyar aiki, sai an fara zare na allurai tukuna, a mayar da na ƙugiyar, sannan a sake zura allurai. In ba haka ba, zaren allura zai gitta ta inda bai kamata ba, na ƙugiyar ya sake tsinkewa da zarar an taka. Mai koyo kan mayar da zaren sau biyar yana tsinkewa, ya yanke hukuncin cewa keken ya lalace, alhali jerin ne kawai ya kuskure.

Bayan an gama, a tattara zarurrukan a ƙarƙashin ƙafar zuwa baya, a juya keken da hannu sau uku ko huɗu ta inda kibiya ta nuna. Idan sarƙar zare ta fara fitowa ba tare da yadi ba, an dace.

Akwai dabarar sauya zare cikin sauri: a yanke tsohon a kusa da naɗinsa, a ƙulla sabon da ƙaramin ƙulli, a sassauta matsin, a ja daga gaba a hankali har sabon ya fito. Ƙullin na wucewa ta idon ƙugiya, amma ba ya wucewa ta kafar allura, don haka a yanke shi kafin ya kai can. Dabarar na da amfani, sai dai wanda ita kaɗai ya iya, ranar da zare ya tsinke a ciki aikinsa ya tsaya. Ya fi kyau mai koyo ya zare keken gaba ɗaya da gangan, ya mayar, ya maimaita har hannunsa ya haddace hanyar.

Karanta ɗinki da zare mai launi huɗu

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar ƙarfin zare ita ce a sa wa kowace hanya zare mai launi daban, a ɗinka a kan farin ƙyalle. Nan take ido zai ga wane zare ne ke yin me, kuma wane ne ya kauce.

Ɗinki mai kyau yana da alamu sanannu. Zaren ƙugiyar sama ya kwanta a saman yadi, na ƙasa ya kwanta a ƙarƙashi, su haɗu a daidai bakin, babu wanda ya ƙetara ɓangaren ɗan'uwansa. Zaren allura ya fito a miƙe a sama, a ƙasa kuma ya bayyana kamar ƙananan ɗigo. Yadin ya kwanta lafiyayye.

Idan zaren sama ya zagayo ƙarƙashin yadi, ko dai shi ne ya yi sako-sako, ko na ƙasa ya yi tsauri yana janyo shi. Idan na ƙasa ne ya hauro sama, akasin haka ne. Idan zarurrukan biyu suna reto a wajen bakin yadi, sun yi sako-sako, ko kuma wuƙa na yanke yadi fiye da kima. Idan bakin yadin na naɗewa a cikin saƙar, sun yi tsauri, ko yadin da wuƙa ta bari ya fi faɗin saƙar. Idan aka buɗe ɗinkin ta gaba aka ga zare kamar tsani, na allura ne ya yi sako-sako. Idan yadin na tattarewa a tsawon layin, na allura ya yi tsauri.

Ƙa'idar gyara guda biyu ce. Ta farko, a fara da sassauta wanda ya yi tsauri kafin a matse wanda ya yi sako-sako, domin matse komai shi ke kawo tsinkewa. Ta biyu, mamurɗi ɗaya ake taɓawa a lokaci guda, kaɗan, a gwada, sannan a matsa gaba. A ƙananan kekuna akwai lambobi, kuma tsakanin 3 da 5 ne yawancin yadi ke zama daidai. Na masana'anta galibi ba su da lamba, murɗawa dama na ƙara matsi, hagu na ragewa. Wanda ya murɗa huɗu a tare ba zai san wanda ya gyara ba, ba zai san wanda ya ɓata ba.

Kafin a zargi mamurɗi ma, a fara duba abubuwa uku: ko zare ya fita daga wani maƙali, ko ya naɗe a gindin naɗinsa, ko allura ta lanƙwashe. Allurar da ba a tura ta har ƙarshen raminta ba tana sa keke tsallake ɗinki. Kowane keke kuma da irin allurarsa. Yawancin na masana'anta suna amfani da DCx27, na gida da dama kuma suna karɓar allurar keken gida mai gefe ɗaya a shafe, wanda ke kallon baya. Lamba 11 ta dace da yadi marar kauri, lamba 14 da matsakaici.

Abin da wuƙa ta ci

Kuskuren keken ɗinki ana farke shi a sake. Kuskuren keken wibin yana ƙasa cikin shara. Saboda haka mai koyo ya sa idonsa a kan wuƙa, ba a kan allura ba, domin a wurin wuƙa ake yanke hukunci.

Haɗarin da ya fi faruwa shi ne wani sashe na riga ya naɗo a ƙarƙashi ba a gani ba, ya bi bakin yadi ya shiga wuƙa. Hannun hagu aikinsa ke nan: ya riƙa shafa ƙarƙashin yadin yana tabbatar da cewa abin da ake so kaɗai ke shiga. A riƙa tsayawa bayan kowane ɗan taƙi ana gyara zaman kayan. Ba a jan yadi daga baya, ba a tura shi daga gaba. Haƙoran keken ne ke tafiyar da shi, ja kuwa na lanƙwasa allura har ta bugi ƙugiya.

Fil babban abokin gabar wuƙa ne. Guda ɗaya ya isa ya yi mata giɓi, ya kuma iya karyewa ya yi tsalle zuwa ido. In dole ne a kafa shi, a sa shi nesa da baki, a tsawon layin ɗinki. Haka leshi mai duwatsu da yadi mai ƙyalƙyali: a cire duwatsun da ke kan hanyar wuƙa kafin a fara.

Sai batun rarar yadi da ake bari a gefen ɗinki, wadda teloli ke kira alawus. Mai kaya kan dawo bayan wata shida ya ce a buɗa masa riga, uwa kuma kan so a bar wa yaro wurin girma. Idan an haɗa ɓangarorin biyu an yanke rarar da wibin, babu abin da za a buɗa. Ga shadda, atamfa da yadin maza, abin da ya fi shi ne a haɗa da keken ɗinki, wibin ya aske gashin bakin kawai, ya bar alawus ɗin yadda yake. Inda ake sa ran buɗawa, a yi wa kowane baki nasa wibin daban. Kuma kada a kai kaya wurin wuƙa sai an tabbatar awo ya yi daidai.

Yadin roba da yadi marar kauri

Kekuna da yawa na zamani suna da haƙora kashi biyu, na gaba da na baya, kuma ana iya sa na gaba su fi na baya sauri ko su gaza su. Mamurɗin wannan yakan tashi daga 0.7 zuwa 2.0, tsakiyarsa kuma 1.0 ko harafin N, inda ake barinsa ga atamfa da shadda. Idan bakin yadin roba ya fito yana lanƙwasa kamar igiyar ruwa, alama ce keken na miƙa shi, sai a ƙara zuwa 1.5 ko sama. Idan yadi marar kauri irin shifon na tattarewa, sai a rage ƙasa da 1.0. Mai niyyar ɗinka hijabai ya tabbatar keken da zai saya na da wannan mamurɗi, domin tsofaffin ƙananan samfura da dama ba su da shi.

Wasu kekunan kuma na yin siririyar kalmasa irin ta bakin mayafi da ɗankwali. Ana amfani da allurar dama kaɗai, a janye ɗan harshen ƙarfen da saƙar ke hawa, a rage tazarar ɗinki, a ƙara matsin ƙugiyar ƙasa, sai bakin ya naɗe kansa. Wannan darasi ne na gaba, bayan hannu ya zauna.

Farawa, ƙarewa da kwana

Keken wibin ba ya komawa baya, don haka ba a ƙulle ɗinki yadda aka saba. Ana farawa da sarƙar zare mai tsawon inci 3 ko 4 kafin yadi ya shiga, a ci gaba da takawa bayan ya fita har a sami wata sarƙar kamar haka, sannan a yanke. Wanda ya yanke a jikin yadi zai ga ɗinkin na warwarewa, zaren allura kuma na iya zamewa. Idan wani ɗinki zai gitta ta wurin, shi zai riƙe ƙarshen. In ba haka ba, a zura jelar a babbar allura a mayar da ita cikin saƙar, ko a ƙulle ta.

A kusurwar waje, hanya mafi sauƙi ita ce a wuce har ƙarshe, a yanke, a sake farawa a ɗaya gefen. A kusurwar ciki, kamar tsagar wuya ko ta gefen riga, ana miƙar da yadin ya zama layi ɗaya a gaban wuƙa, a bi a hankali. A wuri mai lanƙwasa irin hammata, a rage gudu a riƙa juya yadin kaɗan-kaɗan. Idan aka yi kuskure bai kai ga yanka ba, a zare zaren allura tukuna, na ƙugiyoyi zai sako da kansa.

Kula da keke

Da yake keken na yanka, yana tara ɓurɓushin yadi fiye da kowane keke a shago. A buɗe murfi a share da buroshi a ƙarshen kowane yini, musamman wajen wuƙaƙe, ƙugiyoyi da haƙora. Hura iska da baki na tura dattin ciki ne kawai. A lokacin hunturu, ƙura na haɗuwa da mai ta zama dauɗa mai cin ƙarfe, don haka a riƙa rufe keken idan an tashi.

Keken masana'anta yana da tukunyar mai a cikinsa, kuma sabo yakan zo babu mai. Wanda ya kunna shi bai zuba ba zai iya kashe shi a ranar farko. Akwai 'yar taga da ke nuna matakin man, kuma littattafan kamfanoni kan ba da shawarar a sauya shi bayan kusan wata guda na farko, daga nan kuma duk bayan kamar wata shida. Farin man keke ake sa wa, ba baƙin man mota ba. Idan bakin yadi ya fara fitowa kamar an tauna, wuƙa ta dushe. Idan kuwa allura na bugun ƙugiya bayan an sa sabuwa daidai, wannan aikin mai gyara ne, kada a taɓa kusoshin ciki. A gidan da ke da yara, a cire fulogi duk lokacin da aka tashi.

Lissafi da lokacin koyo

Mai shirin karɓar kuɗin wibin ya san cewa keken na cin zare. Bisa ƙiyasin da kamfanonin zare ke bayarwa, ɗinkin mita ɗaya a keken ɗinki na cin zare kusan mita biyu da rabi. Wibin mai zare uku na cin wajen mita 14, mai huɗu wajen 18, mai biyar wajen 20. Wanda bai sa wannan a farashinsa ba, tare da kuɗin wuta, allura da wuƙa, zai yi ta aiki ba ya ganin riba. Ƙugiyoyi ne ke cin kaso mafi yawa, shi ya sa naɗinsu ke riga na allura ƙarewa. Ba dole ba ne kuma a sayi naɗi huɗu na kowane launi. Fari, baƙi, ruwan toka da ruwan ƙasa sun isa ƙugiyoyi a yawancin aiki, a bar daidaita launi ga zaren allurar da ke iya bayyana ta waje.

Game da lokaci, makonnin da ke gaban Sallah ba na koyo ba ne. A lokacin kaya sun yi tsibi, masu su na sintiri, barci ya yi ƙaranci, kuma a irin wannan hali ne wuƙa ke cin abin da ba nata ba. Wanda ke son keken ya yi masa aikin Sallah ya saye shi watanni kafin azumi. Ya fara da zura zare da warwarewa, sai miƙaƙƙen layi a kan ƙyallaye iri-iri, sai kwana da lanƙwasa, sai kayan gida kamar rigar matashi da zanen gado, sannan tufafin 'ya'yansa. Yana da kyau ya ajiye littafi, ya riƙa manna ƙyallen gwaji yana rubuta saitin da ya dace da kowane yadi. Yini biyu ko uku a gefen telan da ya ƙware, ko da za a biya, sun fi arha a kan shadda ɗaya da aka ɓata.

Ko bayan an ƙware, akwai al'adar da ƙwararru ba sa bari: kafin a ɗora kayan kowa, sai an gwada a kan ƙyallen da ya rage daga wannan yadin, an duba sama da ƙasa, an ja an ga bai buɗe ba. Gwajin ba ya cin minti ɗaya, kuma shi ke tsakanin tela da ranar da zai tsaya gaban mai kaya yana neman kalmar ba da haƙuri.